Jeren Goggo Delu a Gindin Dutse Mai Aman Wuta

Abu biyu ake faɗa a kaina a ƙauyenmu, kuma duka biyun ƙarya ne. Na farko, wai wuta ta biyo ni a guje a ƙasar Kamaru har na zubar da takalmi. Na biyu, wanda ya fi ƙona mini rai, wai ni na kashe auren Goggo Delu, ƙanwar babana, aure na shekara ashirin da shida. An faɗa a bakin rijiya, an faɗa a motar Ɗambatta, har da wadda ta rantse a gabanta aka rubuta takardar saki. To, ku saurara. Wutar nan na gan ta da idona, tsohon jakin Baba ya fi ta sauri. Auren Goggo kuwa yana nan daram. Abin da ya kusa kashe ta ba wuta ba ce, kwanuka ne.

Na gama sakandare a shekarun nan da ba mai, ba taki, ba aiki. Gonarmu ta gaji, ta koma ba mu dami kaɗan kamar tana jin haushinmu. Ina zaune ina sussuka ina faɗa da kowa sai saƙo ya zo cewa Goggo Delu ta zame a kan dutse ta karye a ƙugu, tana neman wadda za ta kama mata sana'ar abinci. Gida kaf aka kalle ni. Ina jin ba tausayin Goggo kaɗai ba ne, an gaji da bakina. Ba zan ɓata muku lokaci da koke-koken sallama ba. An damƙa ni a hannun Hajiya Talatu, 'yar kasuwa mai kai atamfa Kamaru, muka kama hanya.

Kwana uku muka yi kafin mu kai Oron, bakin ruwa. Muna sauka wani mutum mai hula da carbi ya tare mu da Hausa tas, ya ce shi ɗan Gezawa ne. Hajiya ta washe baki, domin uwarta 'yar Gezawa ce. Ya nuna mana wani farin jirgi ƙato can cikin ruwa, ya ce mai ɗaki ne da banɗaki, shi ke yankar tikiti.

Na ce, "Hajiya, jirgin nan ciyawa ce fa ta tsiro a bayansa."

Ta ce, "Ke Asabe, shekara goma ina bin hanyar nan. Rufe mana baki."

Na rufe. Ya karɓi kuɗin, ya ce bari ya kawo mana kujeru mu zauna. Har yau yana kawowa. Da la'asar wani mai sayar da rake ya gaya mana jirgin ya fi shekara biyar bai motsa ba. Hajiya ta dube ni ta ce in na kuskura na faɗa a gida sai ta ci mutuncina. Ga shi na faɗa, kuma za ku ga dalili.

Kwale-kwale mai inji muka shiga, tsakanin jarkoki da robobin wanka. Ni da ruwan da na sani bai wuce kududdufin bayan gari ba, sai ga ruwa gabas da yamma, yana ɗaga mu yana dire mu. Na yi amai har na rasa abin amayarwa. Wata mata mai kwandon busasshen kifi, ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, ta ciro citta daga bakin zani ta tura mini a baki, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ta rufe ni da leda saboda feshin ruwa. Haka ta riƙe ni wuni guda. Da muka sauka na tsaya neman abin da zan ba ta, na ɗago ta ɓace cikin mutane. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da sunan Mai Citta.

Abin da na fara lura da shi a Kamaru shi ne rairayin bakin teku baƙi ne ƙirin, kamar an daka gawayi. Na ce ƙazanta ce. Daga Limbe mota ta yi ta hawa da mu, kunnena yana toshewa, har Buya, garin da Goggo take. Sanyi, yayyafi, hazo mai jiƙa kaya. Kwana huɗu ina ganin wani baƙin abu ya tokare rabin sama a bayan gari, ina cewa hadari ne, ina kwashe shanya. A rana ta biyar gari ya washe, sai na ga ashe dutse ne. Mu da a wajenmu kana tsaye a gonarku kana hango rimin ƙauye na uku, ban taɓa zaton ƙasa tana iya miƙewa tsaye haka ba.

Goggo na same ta da sanda, ta rame, amma bakin yana nan. Mijinta, Baba Idi, mahauci ne, mutum mai sanyi, in ya yi magana biyar a wuni ya yi surutu. Aiki kuwa na sha shi: tuwon masara tun safe, miya, wanke-wanke. Babu gero. Ku da ke gida ba za ku gane ba. Akwai ranar da na buɗe ƙullin daddawar da Inna ta sa mini a jaka, na shinshina, na zauna bayan kicin na yi kuka mai isata, sannan na tashi na ci gaba da tuƙi. Wani abin haushin kuma, ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, ka jefar da ɓawon gwaza ya tsiro. Ba taki, ba komai. Na riƙa damƙarta ina tuna Baba yana bin layin taki a Ɗambatta yana dawowa hannu biyu.

Yanzu ga ɗakin Goggo. Duk wanda ya san ɗakin matan garinmu ya san jere. To na Goggo ya wuce misali. Langa, samira, fanteka, tasoshin tagulla da ta gada wajen kakarmu, an ɗora wannan kan wannan a bisa katakai har rufi. A tsakiya ga kabad mai gilashi cike da farantan tangaran, kuma don ya ƙara tsayi an ɗora shi a kan tebur. Duk wannan a saitin kan gadonta. Shekara ashirin da shida tana tarawa. Allah bai ba ta haihuwa ba, tana nesa da dangi, jeren nan shi ne abin da take nuna wa duniya cewa ta zauna gidan miji da daraja. Duk matar da ta shigo sai ta ce, "Delu, ɗaki ya yi," Goggo ta ce, "Ai ba komai," tana murmushi har kunne.

Saura kwana goma Babbar Salla, ina shara da hantsi, sai na ji kwanukan suna magana. Ƙir-ƙir-ƙir, a hankali, murfi yana taɓa murfi. Ba iska, ba kowa.

Goggo ta ce, "Ɓera ne."

Washegari suka sake, sau uku. Ta ce manyan motoci ne. Na ce wace mota ce ke bin lungun nan da ko amalanke ba ya shiga? Ta ce to mutanen ɓoye ne, in yi bisimilla in bar su.

Ban bar su ba. Na leƙa ta kan shinge wajen maƙwabciyarmu, Madam Enanga, tsohuwar malamar makaranta 'yar asalin garin, wadda kullum take ba ni ganyen miya tana gyara mini Turanci. Tana cikin gonar gwazarta. Na gaya mata. Ta ajiye fartanya.

Ta ce, "Kin taɓa dafa abu mai kauri ki rufe tukunya?"

Na ce, "Madam, talge nake yi kullum."

"To dutsen nan tukunya ce. Can ƙasa akwai dutse narkakke saboda zafi, yana neman hanyar fita. In ya turo sai ya tsaga duwatsun da ke samansa. Kowace tsagewa ita ce motsin da kwanukanku suka ji. Su sun fi ƙafarki ji."

Sai na tuna malaminmu na labarin ƙasa, wanda muke yi wa barci. Ya taɓa cewa bayan duniya kamar fasasshiyar ƙwarya ce da aka ɗinke, a wajen ɗinkin ake samun girgiza da aman wuta. Na faɗa mata ina jin kaina. Ta yi dariya ta ce malamina ya iya misali, amma nasu dutsen ba a kan ɗinki yake ba, masana ma suna ta gardama a kan dalilinsa. Ta ce layi ne na irin waɗannan duwatsu, ya taso daga cikin teku ya bi arewa har ya leƙa ƙasarmu wajen Biu, sai dai na can sun daɗe da yin shiru. Baƙin rairayin da na raina, da baƙar ƙasar da nake wa kwaɗayi, duk tsohon aman dutsen ne da ya ruɓe.

Na ce, "To wutar za ta cinye mu?"

Ta ce, "Tun ina yarinya nake ganin aman dutsen nan. Nasa a hankali yake gangarowa, kina iya kwashe kayanki ki ba shi hanya. Akwai duwatsu a wasu ƙasashe masu fashewa gaba ɗaya, wannan dai ba halinsa ba ne, ko da yake ba a rantsuwa a kan dutse. In toka ta zubo, ki rufe ruwan sha, ki rufe hanci. In kina bakin teku ƙasa ta girgiza sosai, ko kika ga ruwa ya ja baya ya bar kifi a fili, kar ki tsaya tsinta, ki hau tudu, domin zai dawo da tsayin gida. Amma mu nan sama, abin tsoro ɗaya ne. Girgiza ba ta cika kashe mutum da kanta ba. Abin da ke saman kansa ne ke faɗo masa. Me ke saman gadonku?"

Na juya da gudu.

Na yi wa Goggo bayani tiryan-tiryan, har da tukunyar talge. Ta saurare ni tas, ta ce, "Boko dai bai yi miki rana ba. Shekara nawa ina kwana a nan?" Ta ce tunda na damu da jeren, gobe in sauke in wanke shi saboda Salla, in mayar yadda yake.

Washegari Baba Idi ya sa ta a mota zuwa asibiti a duba ƙugun. Ni kuwa na sauke jere. Na wanke. Sai dai ban mayar ba. Na samo buhuna da kwalaye, na shirya komai ciki, na ɗaure, na jera a bakin ƙofa. Kabad na kira masu dako biyu suka sauke shi ƙasa. Na share ɗaki na zauna ina jin na yi aikin hankali.

Abin da ban yi tunani ba, ni da aka haifa a garinmu, shi ne abin da kayan mace a ɗaure a bakin ƙofa yake nufi.

Goggo ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Matan unguwar Hausawa huɗu sun rako ta sannu, cikinsu har da Hajiya Talatu, wadda za ta koma Kano da asuba. Suka yi turus. Bango fayau, buhuna a ƙofa.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Delu! Saki nawa?"

Wata ta ce, "Ana jibi-jibin Salla? Kai, maza ba su da ta ido."

Na ce, "Ba saki ba ne, girgizar ƙasa ce."

Hajiya ta ce, "Ai kuwa girgiza, 'yar nan. Babba ma."

Baba Idi ya shigo da ledar magani a hannu, mata huɗu suka juya masa baya lokaci guda. Ya dubi buhuna, ya dubi Goggo, ya ce, "Delu, ina za ki?"

Goggo ta fashe da kuka. "Ni za ka tambaya?"

Sai da aka yi rabin awa kafin a gane ba wanda ya saki wani. Amma Hajiya Talatu ta riga ta fita tun a minti na biyar, tana sauri ta haɗa kaya. Labarin da ya iso muku ke nan. Yanzu kun gane abin da ya sa na tona zancen jirgi.

Ranar na sha faɗan da ban taɓa sha ba. Goggo ta ce na tozarta ta a idon garin da ta yi shekaru tana gina mutuncinta a ciki. Ta sa aka mayar da kabad kan tebur, ta zauna da sanda tana nuna mini inda kowace langa take, har na mayar da su duka. Na ce to a jawo gadon gefe. Ta ce gado a ƙarƙashin jere yake zama, haka uwarta ta yi. Na je wajen Baba Idi, ya ce, "Asabe, ɗakin mace nata ne." Shi ke nan maganarsa ta wunin.

Kwanuka kuwa suka ci gaba da magana, yanzu har ruwan randa yana rawa. Goggo da sanda take tafiya. Kafin ta tashi daga gadon nan sai an ƙirga ashirin. Na san in abin ya zo ba za ta tsere ba.

Ana gobe jajibere, bayan azahar, lokacin da takan ɗan kishingiɗa, na riga ta. Na haye gadon, na miƙe, na sa kaina daidai ƙarƙashin kabad, na rufe ido.

Ta shigo tana dogara sanda. "Ke, lafiya?"

"Barci zan yi. Daga yau nan zan riƙa kwana, ke ki koma katifata a falo."

"Tashi mini daga gado."

"Ai kin ce ba abin da zai faru."

Daidai nan murafan suka ɗan yi ƙir-ƙir. Wallahi ba ni na sa su ba. Sai na ji muryar Goggo ta canja.

"Asabe, tashi daga wurin nan! In abin nan ya rikito miki, me zan ce wa Yaya? Amana ce ke!"

Na buɗe ido ɗaya. Na ce, "Au, Goggo, ashe yana rikitowa?"

Sai ta ɗaga sandar ta ɗan maka mini a ƙafa, ta ce, "'Yar banza mai bakin uwarta." Amma tana faɗa tana danne dariya. A nan muka yi sulhu: jere ya zauna a sama don idon baƙi, gado ya zauna a gyare da zanin gado mai fulawa, mu biyu kuma mu koma falo, inda ba komai a samanmu sai silin. Ta ce in na gaya wa wani tana kwana a ƙasa sai ta yanke mini harshe.

Ranar Salla da yamma abin ya zo. Muna falo muna yanka nama, sai na ji kamar babbar mota ta taho ta ƙarƙashin gida. Ƙasa ta ja gefe ta dawo. Tire ya zame, fitila ta faɗo. Na kamo Goggo muka durƙusa jikin ƙafar babban teburin abinci, na rufe kanta da hannuna. Daga cikin ɗaki muka ji ƙarar da ban taɓa jin irinta ba, kamar an kifar da kasuwar 'yan kwanuka gaba ɗaya. Wata langa ta gangaro ta ƙofa, ta zagaya falon, ta zo gabanmu ta yi ta juyi kafin ta kwanta.

Da motsin ya tsaya na ce mu fita fili. Goggo ta ce, "Mayafina!" Tana nufin ta koma ɗakin. Na fizgi ledar tebur mai hoton ayaba na yafa mata, na ja ta waje. Haka ta tsaya a tsakiyar unguwa ranar Salla, da ayaba a ka. Baba Idi ya iso a guje, wuƙa a hannu, ba hula. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ya ce, "Delu! Delu!" Ta ce, "Ga ni nan, Malam, rufa mini asiri ka daina kiran sunana a titi."

Da muka leƙa ɗakin, kabad ya kifo da fuskarsa a kan gado. Ƙafar gadon ta karye. Gilashi ya tsaga matashin kai, tasar tagulla mafi girma tana zaune daidai inda kunnen Goggo yake kwanciya. Ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta gode mini. Sai ta ce, "Farantaina na tangaran." Ta yi musu kuka sosai. Can ta share ido, ta kamo hannuna ta riƙe, ba ta sake ni ba har magariba.

Gidajen bulo da yawa sun tsage a garin, wasu bangaye sun zube, mutane sun yi kwanaki suna kwana a fili. Dutsen ya buɗe ta gefe, sama ta yi ja, toka ta sauka a ƙauyukan da ke wancan ɓangaren. Mu dai na rufe randunanmu yadda Madam ta ce. Bayan mako biyu da wani abu, ita Madam ɗin ta ɗauke ni muka je kallon wutar da aka ce ta kore ni, can wajen hanyar bakin teku. Tudu ne baƙi, ya fi gida tsayi, yana tafiya kamar ba ya so, yana ƙara kamar ana zubar da fasassun kwalabe, in ɓawon ya ɓare ka hango ja a ciki. Ya cinye gonakin kwakwar manja, ya doshi titi, masu gonakin suna tsaye suna kallo ba yadda za su yi. Wannan ya taɓa ni, domin na san mene ne gona. Amma a gefe guda kasuwa ce ta ci: masu ɗaukar hoto, masu sayar da lemo, wani har ya soke ayaba a dogon ƙarfe yana gasawa a jikin dutsen. Na ci. Ƙaurin ashana take yi.

Wata guda bayan haka kaset ya iso daga gida. Muka sa a rediyo. Muryar Baba ce, yana cewa ya ji abin da na yi, in tattaro in dawo kafin in ƙara raba wani auren, Delu kuma ta yi haƙuri ta taho gida, ɗakinta yana nan. Baba Idi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ikon Allah." Goggo ta yi dariya har ƙugunta ya motsa ta koma salati.

To ga amsata, Baba, da ku duka. Ba zan dawo yanzu ba, sai Goggo ta ajiye sanda. Na riga na yi magana da kafinta. Zai kafa katakai a bangon da ke nesa da gado, kada su wuce ƙirjina, kowanne da ƙarfe a gaba mai tare kaya, kabad kuma a ƙasa, a ɗaure da bango. Langa sun lotsa amma suna nan, tagulla ko gezau. Ranar Juma'a mai zuwa zan yi wa Goggo jere sabo fil kamar na amarya, in dafa shinkafa, in gayyato matan nan huɗu, Hajiya Talatu, tunda ta dawo da atamfarta, a sahun gaba. Zan kira mai hoto ya ɗauki Goggo da Baba Idi zaune a bakin sabon gado, kuma Hajiya ce da hannunta za ta kawo muku hoton.

Samira ɗaya ce kawai ba zan ɗaure ba. Zan bar ta a can ƙarshen katako, murfinta a sake, cokali a kai. Goggo ta tambaye ni ta mece ce. Na ce ta ɓera ce.